Cutar daji: lafawa daban, warkewa daban

A watan Janairun 2025, Gimbiya Catherine, matar Yarima William mai jiran gadon sarautar Birtaniya, ta koma asibitin Royal Marsden da ke Landan domin gode wa ma'aikatan da suka yi jinyarta. A ranar ne ta sanar da cewa cutar dajin da take fama da ita ta lafa. Ta ce hankalinta ya kwanta da wannan labari, amma har yanzu murmurewa ce a gabanta. Wata huɗu kafin nan, da ta gama karɓar maganin kemo, wato magungunan da ake ba mai daji don kashe ƙwayoyin cutar, abin da ta faɗa shi ne yanzu aikinta ta yi bakin ƙoƙari kada cutar ta dawo. A duka saƙonnin biyu babu inda ta ce ta warke, duk da cewa da yawan masu yaɗa labarin abin da kunnensu ya ji ke nan.

Wannan mace ce da babu likitan da ya fi ƙarfin ta gani, babu na'urar da ta fi ƙarfin aljihun gidansu. Da akwai gwajin da za a yi wa mutum yau a ce masa ga shaida ka rabu da daji har abada, da an yi mata. Babu shi. Iyakar abin da likita zai faɗa da gaskiya bayan an gama magani shi ne: na duba da duk abin da nake da shi, ban ga cutar ba. Ko ta tafi ke nan, ko tana nan a maƙale, shekaru ne za su nuna. A ganina rashin fahimtar wannan bambanci yana cikin abubuwan da suke cin ran masu daji a wurinmu, kuma ba a lissafa shi idan ana lissafa talauci da zuwa asibiti a makare.

Lafawa iri biyu ce a wajen likitoci. Akwai wadda ƙarin ya ragu amma yana nan. Ba da ido ake yanke wannan hukunci ba. Akwai ma'aunin da aka amince da shi tun shekarar 2000, aka sabunta shi a 2009, wanda ya ce sai faɗin ƙarin ya ragu da aƙalla kashi 30 cikin 100 a hoto kafin a ce magani ya ci shi. Idan ya ƙaru da kashi 20, cuta na yin gaba. Abin da ya faɗo tsakani kuma sai a ce ta tsaya. Sai kuma cikakkiyar lafawa: an lallatsa ba a ji komai ba, an yi hoto ba a ga komai ba, gwajin jini ya koma daidai. A sankarar jini, sai an zuƙo ɓargo an duba, an ga miyagun ƙwayoyin ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, jini kuma ya farfaɗo. Wannan cikakkiyar lafawar ita ce take ruɗin mutane, domin daga waje babu abin da ya raba ta da warkewa. Majinyaci yana cin abinci, ya yi ƙiba, gashinsa ya tsiro, ya koma kasuwa.

Matsalar ta lissafi ce. Ƙari mai faɗin santimita ɗaya, wato kamar ƙwayar gyaɗa, ana ƙiyasin yana ɗauke da ƙwayoyin daji kusan biliyan ɗaya. Na'urorin hoton da muke da su, har da masu tsadar, da wuya su ga abin da bai kai 'yan milimita ba. To a ce magani ya yi aiki sosai, ya kashe 999 cikin kowace 1,000 na waɗannan ƙwayoyi. Saura nawa? Miliyan ɗaya. Miliyan ɗaya a dunƙule ba su kai ƙwayar gero ba, kuma ba lallai ne ma a dunƙule suke ba, suna iya watsuwa a huhu da hanta da ƙashi. Babu hoton da zai nuna su. Daga miliyan zuwa biliyan kuwa ninki goma ne kacal. Idan a ce suna ninkawa duk bayan wata biyu, cikin wata ashirin ƙarin ya dawo girmansa na farko. A sankarar jini abin ya fi haka: ranar da aka gano ta, mutum yana iya ɗauke da miyagun ƙwayoyi kusan tiriliyan ɗaya, kuma ana iya cewa ta lafa alhali biliyoyi suna nan.

Likitoci ba a littafi suka koyi wannan ba, a kan gadajen yara suka koye shi. A ƙarshen 1947, wani likita a birnin Boston na Amurka, Sidney Farber, ya fara ba yara masu sankarar jini wani magani mai suna aminopterin. A lokacin, yaron da ya kamu da wannan cuta 'yan watanni ne suka rage masa. Cikin yara 16 da ya ba da rahotonsu a 1948, goma sun farfaɗo, jininsu ya gyaru, wasu sun tashi sun koma wasa. Farber ya yi gaskiya, ya kira abin da ya gani lafawa ta ɗan lokaci, haka kuwa aka yi: cutar ta riƙa dawowa bayan watanni. Sai da aka shafe shekaru fiye da ashirin kafin a gano inda gizo ke saƙar. A asibitin St. Jude da ke Memphis, Donald Pinkel da abokan aikinsa sun lura cewa wasu ƙwayoyin suna fakewa a ƙwaƙwalwa da ruwan laka, inda maganin da aka sa a jijiya ba ya isa. Sai suka haɗa magunguna da yawa, suka bi cutar har maɓoyarta, suka kuma ci gaba da magani shekara biyu zuwa uku bayan yaro ya riga ya miƙe. Zuwa farkon shekarun 1970, kusan rabin yaran suna rayuwa ba tare da cutar ta dawo ba. Yau a ƙasashe masu hali, kusan tara cikin goma suna tsira. Abin lura shi ne, kusan duk yaran nan cutarsu tana lafawa tun cikin makonni huɗu ko biyar na farko. Duk sauran shekarun na magani, yaƙi ne da abin da ido ba ya gani.

Labarin da ya fi taɓa ni a wannan fage na wani likita ne ɗan asalin Sin, Min Chiu Li, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken daji ta Amurka. A 1956 yana kula da mata masu wani mugun daji da yake tasowa daga mabiyiya bayan ciki, yana bazuwa zuwa huhu da sauri. Ya ba su methotrexate, ƙarin ya ɓace a hoto, matan suka tashi. Amma wannan daji yana fitar da wani sinadari, shi ne dai wanda ake nema a gwajin ciki, kuma Li ya ga sinadarin bai sauka ƙasa gaba ɗaya ba. Ya ce in dai yana nan, to cutar na nan. Ya ci gaba da ɗura wa matan da suke ganin sun warke magani mai wahalarwa har sai da sinadarin ya ɓace. Shugabanninsa suka ga wannan ganganci ne, suka sallame shi daga aiki a 1957. Daga baya ta bayyana cewa matan da aka tsayar wa magani da wuri cutarsu tana dawowa, waɗanda aka bi da su hanyar Li kuwa shiru. Wannan ne karo na farko da magani kaɗai ya warkar da ƙarin daji da ya riga ya bazu. A 1972 aka ba shi lambar yabo ta Lasker, tare da wasu likitoci da suka haɗa da Denis Burkitt da Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru da ya yi aiki a Ibadan a kan dajin da ke kumbura muƙamuƙin yara.

Yanzu mu dawo gida, inda wannan magana take da nauyi fiye da Landan. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a sashen masu daji ya san wannan yanayi. An kawo uwa da ƙullutu a mama. An yanki tsoka an gwada, an tabbatar. Likita ya tsara kemo zagaye shida ko takwas, sai tiyata, sai gashi da na'ura, wato ƙona cutar da haske mai ƙarfi. An sayar da sa, an yi karo-karo a dangi, an yi zagaye na farko da na biyu da na uku. Ta yi amai, gashi ya zube, harshe ya yi baƙi, amma ƙullutun da a da yake cika hannu yanzu sai an lalubo shi. Babban ɗanta ya tsaya a bakin ƙofar ofishin likita yana cewa, "Likita, ai Alhamdulillahi, Hajiya jiki ya yi kyau. Ko za a bar ta ta ɗan huta? Maganin nan yana ba ta wuya." Likita ya ce a'a, a dawo bayan mako uku. Sun ce to. A gida kuwa an riga an gama shawara: ƙari ya tafi, kuɗi sun ƙare, me ya sa za a yanke mata mama a kan abin da babu shi? Ba a sake ganinsu sai bayan watanni, tana tari, bayanta yana ciwo, cutar ta shiga huhu da ƙashi. A zuwan farko warkewa ake nema mata. A na biyu sai dai a nema mata sauƙi da ƙarin kwana.

Ba na ɗora laifi a kan wannan ɗa. Ya yi hukunci ne da abin da ya sani game da cuta, kuma kusan duk cututtukan da muka saba da su haka suke: zazzaɓi ya sauka, an warke, gyambo ya rufe, an warke. Ga kuma tsada, domin mafi yawan masu daji a Najeriya daga aljihunsu suke biyan komai. Ga nisa, domin injinan gashi 'yan kaɗan ne, mutumin ƙauye sai ya kama hanyar Zariya ko Sakkwato ko Abuja ya nemi masauki na makonni. Jamhuriyar Nijar ma sai a 2021 ta buɗe wurin gashi na farko a Yamai. Amma akwai rabon laifin da yake kan asibiti. Likitan da yake da layin mutum hamsin a waje ba ya samun minti goma da zai zaunar da dangi tun ranar farko ya ce musu: ku sani ƙullutun nan zai ragu, wataƙila ma ya ɓace, kuma ranar da ya ɓace ba ranar tsayawa ba ce. Da ana faɗar wannan tun kafin a sa allurar farko, da dangi sun tsara kuɗinsu a kan tafiyar gaba ɗaya, kuma da ɓacewar ƙarin ba ta zo musu a matsayin sallama ba.

A yara abin ya fi ciwo. Dajin nan na muƙamuƙi da Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, wanda ya fi yawa a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, yana daga cikin masu saurin girma, kuma yana daga cikin masu saurin narkewa. Yaron da fuskarsa ta karkace, haƙoransa suka yi girgiɗi, cikin kwanaki da fara magani sai ka ga kumburin ya saɓe. Daidai wannan nasarar ce take sa iyaye su naɗe tabarma su tafi. Alhali wannan daji ne da ake warkewa daga gare shi idan an kammala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu daji suna warkewa, a yawancin ƙasashe matalauta kuwa ba su kai kashi 30 ba, kuma ta sa barin magani a tsakiya cikin manyan dalilai.

A nan ne kuma masu tallar magani a rediyo da soshiyal midiya suke samun kasuwa. Matar da ta yi kemo uku ta tsaya, ta koma shan jiƙo, wata biyar tana lafiya lau, za ta rantse jiƙon ne ya warkar da ita, kuma ba ƙarya take niyyar yi ba. Za a ɗauki muryarta a yaɗa. Ranar da cutar ta dawo babu mai ɗaukar murya. Duk wanda ya ce yana warkar da daji, abin da ya kamata a nema a wajensa shi ne mutanen da aka tabbatar da cutarsu ta gwajin tsoka, ba su sha komai ba sai nasa, kuma ga su nan da ransu bayan shekaru. Likitocin asibiti da wannan ma'aunin ake auna su, bai kamata a sassauta wa wani ba.

To yaushe ne ake cewa an warke? Yawancin mutane sun ji batun shekara biyar. Gaskiya ne ana amfani da ita, amma ba wata katanga ba ce da cuta take tsoron tsallakewa. Adadi ne da aka zaɓa don a iya kwatanta magani da magani, asibiti da asibiti, kuma an zaɓe shi ne saboda a cututtukan daji da yawa mafi yawan dawowa tana faruwa kafin nan. Akwai kuma ruɗani a cikinsa: idan aka ce kashi kaza suna kai shekara biyar, ana ƙirga duk wanda yake da rai, har da wanda yake raye da cutar a jikinsa. Masana lissafin lafiya suna da wata ma'anar da ta fi wannan tsauri, wadda masu bincike biyu a Manchester suka gabatar a 1963 a kan dajin Hodgkin, wani daji da ke kama kaluluwa. A ɗauki tarin mutanen da aka yi wa magani a riƙa bin su. Da farko suna mutuwa fiye da sa'o'insu da ba su taɓa cutar ba. Idan aka kai lokacin da yawan mutuwarsu ya daidaita da na sa'o'in nasu, to waɗanda suka rage an ce sun warke. Wannan hukunci ne a kan jama'a. Ba ya nuna Malam wane da yatsa ya ce kai kana ciki. Shi ya sa likitan kirki yakan ce "da yardar Allah mun yi nisa, haɗarin ya ragu ƙwarai", ya bar maganar a nan.

Sannan daji ba cuta ɗaya ba ce, cututtuka ne sama da ɗari, kowace da agogonta. Dajin babban hanji, in zai dawo, kusan kashi 80 cikin 100 na dawowar tana faruwa a shekara uku na farko, wanda ya kai biyar lafiya kuwa haɗarinsa ya yi ƙasa sosai. Dajin 'ya'yan maraina, tun da aka samu maganin cisplatin a shekarun 1970, fiye da tara cikin goma suna warkewa, har da da yawa daga waɗanda ya bazu musu zuwa huhu. A irin waɗannan, likita yana iya furta kalmar warkewa da ƙwarin gwiwa.

Sankarar mama ita ce mai wuyar sha'ani, kuma ita ce ta fi yawa a matanmu. Ita ma kala-kala ce. Akwai wadda ba ta dogara da sinadarin mata wajen girma, mai zafin nama, wadda bincike ya nuna ta fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa. Wannan in za ta dawo tana dawowa da wuri, cikin shekara uku zuwa biyar, wadda ta tsallake wannan zango kuwa galibi ta tsira. Akwai kuma wadda sinadarin mata ne abincinta, ita ce ake ba wa ƙwayar tamoxifen da danginta. Tana da sanyin tafiya, tana jin magani, amma tana da dogon haƙuri. A 2017 aka fitar da sakamakon bin diddigin mata kusan 63,000 masu irin wannan, dukkansu sun sha ƙwayar shekara biyar kuma sun kai shekara ta biyar babu alamar cuta. An ga cutar ta ci gaba da dawo wa wasu a hankali, shekara bayan shekara, har zuwa ta ashirin. A matan da ƙarinsu ƙarami ne kuma bai taɓa kaluluwar hammata ba, kusan 13 cikin 100 ta dawo musu. A waɗanda ƙarin ya fi girma kuma ya kama kaluluwa huɗu zuwa tara, 41 cikin 100. Wannan ne ya sa yanzu ake ce wa wasu mata su sha ƙwayar shekara goma. Amma a karanta alƙaluman ta ɗaya gefen ma: a rukuni na farko 87 cikin 100 ba ta dawo musu ba, a mafi muni ma fiye da rabi sun tsira.

Ta yaya cuta take shekara goma sha biyar a jiki ba a ji ɗuriyarta ba? Manomi zai fi kowa saurin ganewa. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, irinsa kamar ƙura yake, yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma bai tsiro ba, gona fes, sai ranar da saiwar dawa ko gero ta zo kusa da shi ya farka. Wasu ƙwayoyin daji haka suke yi. Sukan bar ƙarin tun da wuri su bi jini su sauka a ɓargo ko wani lungu, su daina rabuwa. Kemo kuwa ya fi cin ƙwayar da take rabuwa, mai barci sai ya wuce ta. Wasu kuma garkuwar jiki ce take danne su. An ga shaidar wannan a Scotland, a wani rahoto na 2003: wata mata da aka cire wa dajin fata shekara 16 kafin rasuwarta, ba a sake ganin alamarsa ba, aka ba mutum biyu ƙodojinta. Da aka ba su magungunan rage garkuwa don kada jiki ya ƙi dashen, sai dajin nata ya tashi a jikinsu, ɗaya ya rasu. Jikinta ya danne cutar shekara 16 ba tare da ya kawar da ita ba.

Akwai kuma wani matsayi na uku da mutane ba su cika sani ba, inda ba a warke ba amma ana zaune lafiya. Wata sankarar jini mai tafiyar hawainiya a da takan kashe mutum cikin 'yan shekaru. Tun da aka fito da ƙwayar imatinib a 2001, masu shanta kullum suna rayuwa kusan tsawon ran kowa. A Najeriya an daɗe ana raba ta kyauta ta asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife. Da aka gwada tsayar da ita a Faransa ga waɗanda cutarsu ta yi shekaru ba a ganinta ko a gwaji mafi zurfi, kusan huɗu cikin goma sun zauna lafiya, sauran ta dawo musu, galibi cikin wata shida, kuma da aka mayar da su kan ƙwayar ta sake kwantawa. Wannan gwaji ne da ake yi ƙarƙashin idon likita da awon jini kowane wata, ba abin da mutum zai yanke wa kansa ba ne. Haka dattijon da dajin ƙasan mafitsara ya shiga ƙashinsa: allurar da ake yi masa tana sauke awon jininsa, ciwon baya ya tafi, fitsari ya saki, amma danne cutar take yi. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya sanar a 2015 cewa dajin fata ya kai hantarsa da ƙwaƙwalwarsa. An yi masa tiyata da gashi da sabon maganin da ke zaburar da garkuwar jiki, kafin ƙarshen shekarar hoto ya daina nuna komai, ya rayu har Disambar 2024 yana da shekara 100.

Duk wannan bayani yana da haɗarinsa, kuma ba na so a ɗauke shi ta inda ban nufa ba. Wanda aka ce wa cutarsa ta lafa kada ya ji kamar an ɗage masa hukunci ne kawai. Da yawan masu cikakkiyar lafawa sun riga sun warke tun ranar da aka fito da su daga ɗakin tiyata, sani ne kawai ba a yi ba tukuna. Kowace shekara da ta wuce lafiya tana ƙara rinjayar da zato zuwa ga hakan. Fargabar da take kama mutum kwana biyu kafin ranar hoto, ko duk lokacin da kai ya sara, abu ne da kusan kowane mai wannan tarihi yake ji, kuma dangi su daina ce masa rashin tawakkali ne. Haka kuma al'umma kada ta mai da taka-tsantsan ɗin likita makami. Yarinyar da ta yi sankarar jini tana 'yar shekara shida, ta gama magani, yau tana da ashirin, ba mai ciwo ba ce, kuma zalunci ne a fasa aurenta da cewa "ai irin wannan ba a warkewa". Faransa ta ga irin wannan wariya a wajen bankuna da kamfanonin inshora, sai ta yi doka a 2016 cewa wanda ya shekara goma da gama magani ba tare da cutar ta dawo ba, ba dole ne ya ambace ta ba idan yana neman inshorar bashi. A 2022 aka rage zuwa shekara biyar.

Abin da ya rage a hannun majinyaci da danginsa shi ne su fita daga ofishin likita da amsoshi na zahiri. Wane irin daji ne takamaimai, kuma a wane mataki aka same shi? Maganin nan warkewa ake nema da shi ko dannewa? Wannan tambaya ce mai nauyi, dangi da yawa suna gudunta, amma ita ce take nuna ko ya dace a sayar da gona. In sankarar mama ce, an gwada tsokar an ga ko mai cin sinadarin mata ce? Zagaye nawa ne gaba ɗaya, me zai biyo baya, nawa za a tanada? A riƙe takardar gwajin tsoka da sunayen magungunan da aka sha a wuri ɗaya, a ɗauki hotonsu a waya, domin bayan shekara takwas wani likita a wani gari zai nema.

Komawa asibiti bayan an gama, yawanci duk wata uku zuwa shida a shekarun farko, daga baya sau ɗaya a shekara, ba neman cutar kaɗai ake yi da shi ba. Wasu magungunan kemo suna taɓa zuciya, tamoxifen kan jawo matsala a mahaifa, don haka matar da ta daina al'ada in ta ga jini kada ta jira. Wanda ya taɓa yin daji kuma yana iya yin wani sabo da ba shi da alaƙa da na farko. Sabon ƙullutu, tarin da ya ƙi tafiya, ciwon ƙashi da yake hana barci, rama ba dalili, ciwon kai da amai, duk waɗannan ba a jiran ranar da aka rubuta a kati. Dawowar cutar ma ba kullum take nufin an rufe ƙofa ba. Masu dajin Hodgkin da na 'ya'yan maraina da yawa sun warke a karo na biyu, kuma dajin hanji da ya ɓulla a wuri ɗaya ko biyu a hanta, in an kama shi yana ƙarami, ana iya yanke shi mutum ya rayu shekaru masu yawa ba tare da ya sake dawowa ba.